Ƙanena ya daina shan maganin asibiti, kuma jinyar tana neman kayar da Umma

Maman Walid ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Ƙanena ɗan shekara 27 ne. An kwantar da shi sati biyar a asibitin ƙwaƙwalwa saboda yana jin muryoyi, yana kuma cewa maƙwabta na bibiyarsa. Wata biyu ke nan da sallamarsa, aka haɗo shi da haloperidol safe da dare, da kuma Artane. Da Artane ɗin ya ƙare mai kemis ya ƙi sayar mana babu takardar likita, muka ce ai ba shi ne babban maganin ba, muka bar shi. Yau kwana goma ya ƙi shan komai, yana cewa ƙwayar tana sandarar masa da jiki, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Barcinsa ya fara raguwa. Umma ce kaɗai ke tare da shi, ta haura shekara 60, tana da hawan jini, a bakin ƙofar ɗakinsa take kwana. Mu biyar ne amma kowa yana gidansa. Baffa ya ce a kai shi gidan mari, Gwaggo ta ce aure ne maganinsa. Ranar komawa asibiti sai nan da sati uku. Ta ina za mu fara?

Ɗan Barnawa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannunku da jinya, Maman Walid, Allah ya ba shi lafiya. Kada ku jira sati ukun nan. Ranar da aka rubuta a kati ta wanda komai ke tafiya masa daidai ce. Wanda ya yi kwana goma babu magani kuma barci ya fara ƙaurace masa, gobe ya kamata a gan shi. In ya ƙi zuwa, wani daga cikinku ya ɗauki katin da kwalayen maganin ya je ya yi wa likita bayani.

Abin da ƙaninki ke faɗa gaskiya ne, ba taurin kai ba ne. Haloperidol yana toshe aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dopamin. Toshewar ce ke kwantar da muryoyin, amma sinadarin nan shi ne kuma ke sa gaɓoɓi su motsa cikin laushi. Shi ya sa za ki ga mai shan sa yana tafiya da ƙananan taku ba ya kaɗa hannu, fuska a daskare, yawu na dalala, yatsu na rawa. Don rage wannan aka haɗa masa da Artane, wanda ake kira benzhexol, 'yan ƙwaya kuma suna ce masa Exol. Su ne suka jawo masu kemis na kirki ba sa sayar da shi kara zube. To da ya ƙare, sandarewar ta fito fili, shi kuma ya yi abin da kowa zai yi da ƙwayar da ke wahalar da shi.

Rashin iya zama wuri ɗaya kuwa wata illa ce daban, ku ambace ta da kanta a gaban likita. Mutum yana jin ƙafafunsa na azalzalarsa daga ciki, ya tashi, ya zauna, ya yi ta safa da marwa. Artane bai cika magance ta ba. Likita kan rage yawan maganin, ko ya canza shi, ko ya ƙara wani kamar propranolol. Inda ake yin kuskure shi ne 'yan gida su ga yana zirga-zirga su ɗauka ciwon ne ya tashi, su ƙara masa ƙwaya, abin ya ninka.

Akwai zaɓi, kuma ku tambaya da bakinku. Risperidone da olanzapine ba su kai haloperidol sandarar da jiki ba, sai dai kowanne da nasa. Olanzapine yana buɗe ciki ƙwarai, yana sa ƙiba da barci, yana iya tayar da sukari, don haka a riƙa auna nauyinsa duk wata, a gwada sukarin jini bayan wata uku. Risperidone yana iya rage sha'awa da ƙarfin namiji, a mace kuma ya ɗauke al'ada ko ya kawo ruwan nono. Saurayi ba zai faɗi wannan a gaban uwarsa ko yayarsa ba, sai dai ku ga ya daina sha. Ku riƙa fita ku bar shi da likita na 'yan mintuna a kowane zuwa. Akwai kuma allura mai daɗewa a jiki irin su Modecate da Fluanxol, ana yin ta duk sati biyu zuwa huɗu, ana farawa da kaɗan a ga yadda jiki zai karɓa. Tana kawar da rigimar safe da dare, kuma in ya tsallake kowa zai sani. Amma ita ma tana sandarar da jiki, kuma in ta shiga ba a iya fitar da ita, don haka dole likita ya san abin da haloperidol ya yi masa kafin a yanke shawara.

Ku sani kuma in an koma kan magani, barci da natsuwa ne ke fara dawowa cikin 'yan kwanaki, muryoyi da zargi kan ɗauki sati biyu zuwa shida. Bayan ya warware ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda in tashin farko ne, in ya maimaita kuwa shekaru. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2012 ya nuna cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa magani, a masu ci gaba da sha kuwa kashi 27.

Abu biyu ba a kwana da su a gida. In wuyansa ya murɗe, idanu suka kafe sama, harshe ya fito ko muƙamuƙi ya riƙe, ba aljanu ba ne, illar maganin ce, kuma allura ɗaya a asibiti tana sake shi cikin ɗan lokaci. In kuwa jiki ya yi zafi sosai, ya sandare kamar itace, ga gumi ga ruɗewa, a dakatar da maganin a tafi sashen gaggawa a lokacin, wannan yana kisa. Lokacin bazara a kula da ruwan sha da inuwa, domin Artane yana rage gumi.

Hajiya Babba ta amsa:

Ɗan Barnawa ya gama da magani. Ni maganar Umma ce ta tsaya min, domin majinyata biyu ne a gidan nan, ɗaya ne kawai yake da kati.

Mai hawan jini da ke kwana da ido ɗaya a bakin ƙofa, jininta ba zai sauka ba ko da tana shan maganinta. A auna ta a satin nan, a kuma samu abin awo a ajiye a gida, a riƙa rubuta lambobin. In na sama ya kai 180 ko na ƙasa ya kai 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, jiri ko dishi-dishin gani, ita ma asibiti a ranar. Sannan ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban surukai ba, ki tambaye ta yadda take ci da barci, da ko har yanzu tana jin daɗin abubuwan da ta saba. In ta yi sati biyu ko fiye cikin ƙunci, ba ta sha'awar komai, tana kuka a ɓoye, to a nuna ta ga likita ita ma. Iyayenmu mata ba sa cewa sun gaji, "Alhamdulillahi" kawai za ki ji.

Ku biyar ku zauna da Baffa da Gwaggo, zama na musamman, ba a wurin biki ko suna ba. Kada a tashi da "kowa ya taimaka", wannan maganar ba ta kwana biyu. A raba aikin da suna da rana. Kwana a gidan: namiji ɗaya daga cikin 'yan'uwa ko ɗan'uwa na kusa da yaron yake jin nauyinsa, bi da bi, yadda Umma za ta samu aƙalla dare biyu ko uku a sati tana barci a ɗakinta da ƙofa a rufe. Rakiya asibiti: mutum ɗaya tsayayye da mataimakinsa, domin in yau wannan gobe wancan, likita ba ya samun labari ɗaya. Magani: mutum ɗaya ne ke saye, kuma yana saye ne saura sati guda ya ƙare, ba ranar da ya ƙare ba. A kantin maganin asibiti ko babban kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda yake nesa, kuɗi ne rabonsa da kiran waya a rana sananniya. A buɗe asusu, kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata ko da kaɗan ne, mai riƙe kuɗin ya riƙa tura hoton rasit a zauren WhatsApp na gida. Rashin rasit ne ke fara raba kan 'yan'uwa a jinya mai tsawo. Ku kuma leƙa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, irin su KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ku tambayi yadda ake shiga da abin da suke ɗauka. A asibitin kuma ku nemi ofishin walwalar majinyata, mutane da yawa ba su san da shi ba.

Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi ya zauna a ɗakin Umma. Kullum layi ɗaya: ya sha magani ko bai sha ba, awa nawa ya yi barci, ya ci abinci, ya yi wanka, da duk wani abu sabo. A shafin farko a rubuta alamomin da suka fara bayyana kafin a kwantar da shi wancan karon, domin yawanci ta ƙofar da ciwon ya shigo ta nan yake dawowa. Likita yana da 'yan mintuna ne da kowane majinyaci, littafin nan ya fi masa amfani a kan bayanin mutum uku masu katse juna.

A kuma ƙyale Umma ta riƙa fita: islamiyya, barka, gaisuwa, ko wuni gidanki. Za ta ce a'a da farko. Ku sa rana, ku zo da mai zama a madadinta, ku ɗauke ta.

Maman Walid ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe Yaya zai je asibitin da katin. Umma ta ce ko a riƙa daka masa ƙwayar a kunu kafin nan? Kuma in ya tayar da hankali da dare me za mu yi, tunda abin da Baffa ke tsoro ke nan?

Abu Safwan ya amsa:

Kada a saka a kunu, Maman Walid. Ba za ku san nawa ya shiga cikinsa ba in ya sha rabi ya ajiye, yaro na iya shanye sauran, kuma ƙwayar da ta wahalar da shi ce za ku mayar masa babu Artane. Mafi muni, mutumin da ke zargin ana bibiyarsa in ya ji ɗaci ko ya ga gari a gindin kofi, kun tabbatar masa da zarginsa da hannunku, daga nan sai ya daina cin abincin gidan gaba ɗaya. Umma ce mutum ɗaya da ya yarda da ita, kada a kashe wannan yardar. Abin da ya fi shi ne a ce masa: "Mun gane ƙwayar nan ta cutar da kai, laifinmu ne da muka bari Artane ya ƙare, zo mu je a canza maka." Wannan ya fi jawo mutum asibiti a kan "ciwonka ya tashi".

Tun yau, ba tare da an yi shela ba, a kwashe wuƙaƙe, adda, taɓarya, igiya, fetur da kananzir. A fitar da fiya-fiya, Sniper, shinkafar ɓera da maganin feshin gona daga gidan. Magungunan Umma da nasa su shiga akwati mai makulli. In akwai rijiya a rufe ta. Mafi yawan masu wannan lalurar ba sa taɓa kowa, haɗarin da suke ciki a kan kansu ya fi yawa, musamman watannin farko bayan sallama, lokacin da hankali ya dawo mutum ya ga abin da ya rasa. In ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko muryoyin suna ba shi umarni. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, kuma asibiti a ranar.

In ya harzuƙa: mutum ɗaya ne ke magana, murya ƙasa, gajerun kalmomi. A tsaya nesa kamar taku biyu zuwa uku, ta gefe, ba a tare masa ƙofa, shi ma mai maganar ya bar wa kansa hanyar fita. A janye yara da 'yan kallo, a kashe rediyo da talabijin. Ba gardama, ba barazana, ba ɗaga sanda. A miƙa masa ruwa, a ba shi zaɓi biyu masu sauƙi, kamar zama a ɗaki ko a tsakar gida. In dole sai an tafi da shi, mota ake nema ba babur ba, ya zauna a baya tsakanin maza biyu da ya sani, ƙofofi a kulle. In ta kai ga riƙewa, a riƙe hannuwa da ƙafafu, kada a kifa shi, kada kowa ya hau ƙirjinsa, bayansa ko wuyansa, ta haka mutane ke mutuwa a hannun 'yan'uwansu saboda numfashi ya toshe. Ku tanadi lambar mai mota da ta maza biyun tun yanzu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano su ma suna da sashen. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya da zazzaɓi, ko jijjiga, ko bai san inda yake ba, babban asibiti mafi kusa za a nufa, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna zuwa da wannan kamar.

Batun mari, a faɗa wa Baffa cikin ladabi: sarƙa ba ta kashe murya. Tana cin idon sawu har ya zama gyambo, tana ƙara tsoro da zargi, kuma wanda aka ɗaure ba ya sake yarda da waɗanda suka kai shi. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare majinyaci daga azabtarwa da wulaƙanci. Tsoron Baffa a kan hanya yake, a ba shi aiki a cikin shirin, kamar riƙe maganar mota.

Malam Na Zaure ya amsa:

Allah ya ƙara sauƙi. Ƙari kaɗan a kan abin da ya shafi addini da zaman gida.

Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk mai ruƙiyyar da ya ce a ajiye ƙwaya, ko yana duka, ko yana turnuƙe majinyaci da hayaƙi a ɗaki rufe, ko yana hana shi abinci da barci, a rabu da shi. Haka wanda zai nuna wata kishiya ko maƙwabci ya ce shi ya yi sammu. Mai fama da zargi ba a ba shi sunan wanda zai zarga. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuma a nuna wa likita kafin a haɗa da magani. Umma ta cire wa ranta cewa yana tara zunubi in salla ta kuɓuce masa lokacin da hankali ya gushe, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga irinsa har sai ya dawo hayyacinsa. In azumi ya zo a tambayi likita tun cikin Sha'aban, sau da yawa ana iya mayar da shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur, in ba zai yiwu ba Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame. Zakkar 'yan'uwa ma tana iya tafiya ga maganinsa in ba shi da abin hannu.

Aure ba magani ba ne, a gaya wa Gwaggo. Hidimar biki, rashin barci da nauyin iyali suna daga abubuwan da ke tayar da ciwon. In ya daidaita, ya daɗe a kan maganinsa, yana ɗan nemansa, zai iya aure kamar kowa, da sharaɗin a faɗa wa yarinyar da waliyyinta gaskiya tun farko.

A cikin gida kuwa, bincike tun na shekarun 1960 a Ingila ya nuna ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan faɗa da gori, da kuma gidan da ake lulluɓe majinyaci ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke. Nauyin jiki da rashin son wanka ba lalaci ba ne, suna cikin ciwon. A ba shi aiki ɗaya ƙarami mai lokaci, kamar ba awaki dusa da safe ko rakiyar Yaya masallaci, in ya riƙe shi sati biyu a ƙara wani. In ya ce yana jin murya, kada a ce ƙarya ne, kada kuma a ce ana ji. A ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka." A hana yaran gida da na unguwa kiransa da sunan da kuka sani. A kuma lura da abokan zama, wiwi da tramadol suna rushe aikin wata shida cikin sati guda.

Ɗan Barnawa ya ƙara da cewa:

Tunda Yaya ne zai je gobe, ki rubuta masa a takarda kada ya manta a layi: ranar da Artane ya ƙare, ranar da ya daina haloperidol, awannin barcinsa a dare uku na ƙarshe, sandarewa da rashin zama kowanne daban, da ko yana shan sigari ko wani abu, domin sigari yana rage ƙarfin olanzapine a jini. Ya tambayi likita abin da za a yi in an tsallake sha ɗaya, duk da ƙa'idar ita ce ba a ninkawa a na gaba. Ya karɓo takardar magani da za ta kai har ranar komawa da ɗan rara, da lambar da za a kira in dare ya yi. Ya fita da sassafe, a irin waɗannan asibitocin da wuri ake karɓar kati.